Ku Tambayi Mushe: Daga Gishirin Miya Zuwa Ƙwayar Zarra

Assalamu alaikum, masu karatu. Wannan watan saƙonni sun taru, kuma kamar an haɗa baki, yawancinsu a gonata suka faɗo, wato ilimin sinadarai, wanda na koyar shekara talatin kafin in ajiye alli. Mu a nan Maradi "shimi" muke ce masa, yadda Bafaranshe ya bar mana; ƴan'uwanmu na tsallaken Jibiya kuma su ce "kemistiri". Ranar da na fara gaya wa gyatumata abin da nake koyarwa, riƙe baki ta yi ta ce, "Duk karatun nan a shimi ya ƙare?" Ita shimin da ta sani ita ce wadda ake sawa ƙarƙashin riga. Allah ya jiƙanta da rahama. Mu je ga tambayoyinku.

Tambaya: Mushe, bana zan rubuta jarrabawar BEPC, amma atom da molekul da iyon duk sun cakuɗe mini a kai. Kuma malaminmu ya ce gishirin miya sodiyom ne da kulor, ya ce kowanensu yana kisa. To yaya muke cin sa kullum ba mu mutu ba? (Ɗaliba, unguwar Bagalam)

Amsa: Ƴata, malaminku gaskiya ya faɗa. Rabin maganar ne ya rage, ko kuwa ya ƙarasa ta lokacin da hankalinki ke wajen taga. Bari mu ɗauko ta daga tushe.

Ɗauki gawayi ki daka a turmi. Ki sake daka garin, ki yi ta dakawa, a zuci dai, don taɓarya ba za ta kai ki inda za mu ba. Gawayi kusan dukansa kabon ne. In kika ci gaba da rabawa za ki iske wata ƙwaya wadda in an fasa ta, abin da zai fito ba kabon ba ne kuma. Ita ce atom, wadda malamanmu suka kira ƙwayar zarra. In aka jera su a layi, sai an tara wajen miliyan 10 kafin su cika milimita 1. Wani Bagirke, Dimokiritus, ya yi hasashenta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, da tunani zalla. Wanda ya kawo sikeli cikin maganar shi ne John Dalton, malamin makaranta a Ingila, a 1808.

Kalmar atom a Girkanci tana nufin abin da ba ya yankuwa, sai ga shi ashe yana da ƴan ciki. A 1897 Thomson ya gano elektiron. A 1911 Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin atom yana tattare a wata ƴar cibiya a tsakiya. A 1932 Chadwick ya gano nutiron. Cikin cibiyar akwai furoton, mai cajin ƙari (+), da nutiron, wanda ba shi da caji. Elektiron, mai cajin ragi (−), shi ke kewaye a waje, kuma furoton ya ninka shi nauyi sau 1,836. In cibiyar atom ɗin haidurojin ta kai ƙwayar gero, to atom ɗin kansa zai kai faɗin filin ƙwallo, sauran duk sarari.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne: yawan furoton shi ne katin shaidar atom. Mai 1 haidurojin ne, mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 11 sodiyom, mai 17 kulor, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 zinariya, mai 92 kuma shi ne uraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit. Iri 118 aka sani yau, su ne ke jere a allon nan da Mendeleyef, mutumin Rasha, ya fara tsarawa a 1869. Iri 118 kacal, amma duk abin da idonki ke gani daga su ya fito, kamar yadda baƙaƙe ƴan kaɗan suka ishi duk maganar Bahaushe. Kuma jerin yana da muhimmanci: "rami" da "mari" baƙaƙensu ɗaya, amma wanda ya sha mari ya san ba rami ya faɗa ba.

Yawancin atom ba sa son zaman kaɗaici. Elektiron nasu na zaune ne zobe-zobe, kuma a ƙananan atom irin waɗanda za a tambaye ki, zobe na fari yana cika da 2, na biyu da 8, na uku kuma ya natsu da 8. Wanda zobensa na waje bai cika ba, neman mafita yake, kuma hanya biyu ce.

Ta farko tarayya. Ki ɗauki manoma biyu, kowa na da san noma guda, garma kuwa sai da shanu biyu. Sai su haɗa, su yi huɗa tare. Muddin ana damina ba mai rabuwa da wani. Haka oksijin ke yi da haidurojin biyu: suna tarayya a kan elektiron, su zama ƙungiya guda mai atom uku. Irin wannan ƙungiyar ita ce molekul, wannan ɗin kuwa shi ne ruwa, H₂O. Ki duba abin mamaki: haidurojin iska ce mai kama wuta, oksijin iska ce mai hura wuta, ɗansu kuwa shi ake kashe gobara da shi. A ɗigon ruwa guda, in mutanen duniya biliyan 8 suka zauna ƙidayar molekul, kowa yana ƙirga ɗaya a daƙiƙa ba barci ba salla, sai sun haura shekara 6,000 kafin su gama.

Hanya ta biyu kyauta, a ba da gaba ɗaya. Nan ne amsar tambayarki take. Sodiyom na da elektiron 11: 2, sai 8, sai guda 1 tilo a waje yana lilo. Wannan guda ɗayan shi ne duk fitinarsa. Ƙarfe ne mai taushi, wuƙa na yanka shi kamar sabulu, kuma cikin mai ake adana shi don kada ya taɓa ruwa ko iska. Sau ɗaya na ga an jefa shi a ruwa ina ɗalibi, ɗan guntu kamar ƙwayar wake: ya riƙa gudu a saman ruwan yana huci har ya yi tartsatsi, mu kuma muka yi waje ba da sallama ba. Kulor kuwa na da 17: 2, 8, 7. Saura masa guda ya cika, don haka duk abin da ya samu fizgar elektiron yake daga jikinsa, ko da huhun mutum ne. Iska ce mai ruwan ɗorawa-kore, ita aka sako wa sojoji a garin Ipir na Beljiyam a 1915.

To ki haɗa mai neman inda zai yar da mai neman inda zai tsinta. Sodiyom ya miƙa, kulor ya karɓa. Sodiyom yanzu furoton 11, elektiron 10, ƙari ya rinjaya da ɗaya: Na⁺. Kulor furoton 17, elektiron 18, ragi ya rinjaya da ɗaya: Cl⁻. Atom, ko ƙungiyar atom, da ya yi asara ko ribar elektiron har ya ɗauki caji, shi ne iyon. Katin shaidarsu bai canja ba, amma abin da ke sa su ɓarna ya tafi, kowa zobensa ya cika. Ba ƙarfen sodiyom kike ci a miya ba, ba kuma iskar kulor ba. Iyon nasu kike ci, kuma jikinki ba ya rayuwa in babu su, don da su jijiyoyi ke aika saƙo.

Ga tarkon da ɗalibaina suka fi faɗawa: rubuta "molekul ɗin gishiri". A ƙwayar gishiri babu molekul. Ƙari da ragi suna jan juna ta kowace fuska, sai su jeru kamar tubalin gini, kowane Na⁺ yana da maƙwabta Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ yana da Na⁺ shida. NaCl lissafi ne kawai, ɗaya bisa ɗaya. Ƙarfin wannan jeri ne ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801, alhali sukari, mai molekul, da kin ɗora shi a kasko ya narke ya yi ja, mai alewa ya sani.

Saura haɗaɗɗen sinadari. Shi ne duk abin da iri biyu ko fiye suka ɗaure a cikinsa bisa ƙayyadadden lissafi, ko ta tarayya ko ta kyauta. Ruwa da gishiri duk suna ciki. Gero da dawa a tiya guda kuwa gauraye ne: kowa na nan da halinsa, mai haƙuri zai tsince su, kuma ko nawa kika ga dama ki zuba.

Gani ya kori ji. Samo batirin tocila uku, da ɗan ƙwan fitila, da waya. Ki yanke wayar a wuri guda, ki tsoma bakunan biyu a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Ruwan sama mai tsabta da sukari: ƙwan zai yi shiru. Ruwan da gishiri: zai kawo haske. Sukari ya narke, amma molekul nasa ba su da caji, gishiri kuwa ya watse ya zama iyon masu yawo, su ke ɗaukar wutar. Kada ki yi da ruwan rijiya, don shi ma da nasa iyon a ciki, zai ruɗa ki. Kuma batir na ce. Kada in ji an kusanci wutar bango.

Tambaya: Malam, jikata ta zuba mini ƴar kanwa a zoɓo bisa kuskure, sai ya koma baƙi-baƙi kamar shuni. Me ya jawo? Kuma me ya sa kanwa ke nunar da wake da wuri? Wai ita ma gishiri ce? (Hajiya, Sabon Gari)

Amsa: Hajiya, barka da aiki. A yi wa jikar afuwa, gwajin da muke yi a aji ta yi miki kyauta.

A wajen masana, e, kanwa gishiri ce, don duk abin da iyon mai ƙari da iyon mai ragi suka ginu a cikinsa gishiri suke kiransa. Sodiyom ɗin nan na gishirin miya shi ne a kanwa, abokin zama ya canja. Maimakon kulor, ya zauna da wani iyon da ake kira kabonat, wanda shi kansa ƙungiya ce: kabon 1, oksijin 3, da cajin ragi biyu. Akwai kuma ƙanensa bikabonat a ciki, da gishirin miya, da ƙasa da sauran tarkace, gwargwadon tafkin da aka kankaro ta. Shi ya sa jar kanwa da farar kanwa da ungurnu ba su zama ɗaya a baki ko a tukunya. Ta fatake daga Manga da yankin Tafkin Cadi daban, ta Dallol Boso daban. Wani abin da zai ba ki dariya: alamar Na da ake rubuta wa sodiyom a duk duniya daga "natiron" ta samo asali, sunan kanwa ke nan, wadda Misirawan dā ke haƙa a kwarin da yau ake kira Wadi Natrun suna busar da gawar sarakunansu da ita. Wato sunan kanwarki ne a allon masana.

Duk abu mai tsami, tsamiya ko lemun tsami ko yakuwa, yana sakin iyon ɗin haidurojin, H⁺, a ruwa. Shi harshe ke ji a matsayin tsami. Aikin kabonat kuwa kame wannan H⁺. In ya kama biyu sai ya rushe ya zama ruwa da iskar CO₂, irin wadda muke fitarwa a numfashi. Kumfar da kike gani in jiƙon kanwa ya haɗu da ruwan tsamiya ita ce iskar ke fita. Abin da ya sa kanwa ko ruwan toka ke kashe tsamin miyar yakuwa ke nan.

Jan zoɓo kuwa wani molekul ne da siffarsa ke canjawa gwargwadon yawan H⁺ da ke kewaye da shi. In tsami ya yi yawa, ja wur. In kanwa ta kwashe tsamin, siffar ta juya, launin ya koma shuɗi ko kore mai duhu. Da kin matsa lemun tsami isasshe a kofin nan tun da wuri, da kin ga jan ya dawo. Ɗanɗanon dai ban yi miki alkawari ba.

Kuɓewa da lalo su ma ga nasu. Koren ganye molekul ne babba mai atom ɗin magniziyom guda a tsakiyarsa. In ana dahuwa, tsamin da ke cikin ganyen yana tunkuɗe magniziyom ɗin, miya ta dushe. Ƴar kanwa na tare tsamin, miya ta fito shar.

Wake kuma: abin da ke riƙe ƙwayoyin cikinsa wani irin danƙo ne da iyon ɗin kalsiyom ke ɗaure shi. Kanwa na sassauta danƙon, sodiyom kuma ya ture kalsiyom, sai wake ya saki jiki, a huta da itace. In rijiyarku mai ruwan zartsi ce, mai kalsiyom da yawa, za ki lura wake na daɗewa a wuta, dalilin ke nan.

Amma Hajiya, a riƙa sassauta hannu. Kanwa na lalata bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi, kuma sodiyom ɗinta jiki ba ya bambanta shi da na gishiri. Wanda likita ya hana wa gishiri saboda hawan jini, in ya koma kan kanwa bai yi komai ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi na jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Na san wannan magana ba ta yi wa kakanni daɗi, ni ma na sha faɗa a kanta a gidana. In akwai maijego a hannunki wadda ƙafafunta ke kumbura ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, a ajiye kunun, a kai ta asibiti ranar.

Tambaya: Mushe, a buhun takin ure an rubuta 46, a na kamfa kuma 15-15-15. Mai shago ya ce lambar kamfani ce. Kuma in na watsa ure a gona nakan ji wari kamar na fitsari bayan kwana biyu. (Manomi, Madarunfa)

Amsa: Alhaji, mai shagon nan ya sayar maka da taki ya ɗora maka tatsuniya a kai. Lambar lissafi ce, kuma da alƙalami za ka fitar da ita.

Molekul ɗin ure atom takwas ne: kabon 1, oksijin 1, haidurojin 4, da azot 2, wanda a Najeriya ake kira naitirojin. A sikelin masana nauyin molekul ɗin 60 ne, azot biyun kuma 28. Raba 28 da 60, ka samu kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ma'ana a buhu mai kilo 50, abincin da kake saye don ganye ya yi kore kilo 23 ne. A kamfa 15 na farko shi ne azot, kilo 7 da rabi a buhu. Na biyu na fosfor ne mai taimakon saiwa, na uku na fotasiyom. Don haka kowanne da aikinsa, ba a musanya su buhu da buhu.

Hancinka bai yi ƙarya ba. Ure shi ne sinadarin da jikin mutum da na dabba ke fitarwa a fitsari. Wani Bajamushe, Wöhler, ya fara haɗa shi a ɗakin gwaji a 1828, abin da ya girgiza masu ganin cewa sai jiki mai rai ke iya yin irinsa. Shuka dai galibi iyon take sha, amoniyom da nitirat. Ƙananan halittun ƙasa ne ke farfasa ure su mai da shi amoniyom. In takin na binne a ƙasa mai danshi, ƙasa na riƙe amoniyom ɗin saboda cajinsa. In kuwa yana shimfiɗe a sama rana na dukansa, sai amoniyom ya saki H⁺ guda ya zama amoniya, ba caji, iska ce, ta tashi. Warin da kake ji kuɗinka ne ke bin iska. Ka tona ɗan rami kamar taƙi guda daga gindin shuka, ka zuba, ka rufe, bayan ruwa ya sauka ƙasa na da laima.

Abin haushin shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kan gonarka azot ne. Amma atom biyu-biyu suke, ɗaure da igiya uku, gero ba ya iya kwance su. Sai a 1913 masana'anta ta farko ta fara kwance su da yawa a Jamus, bisa hanyar Haber da Bosch, da matsanancin zafi da matsi. Wake da gyaɗa kuwa sun daɗe suna yi ba hayaniya: tuge gyaɗa ka duba ƴan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta, ƙwayoyin halittar da ke ciki aikinsu ke nan. Kakanninmu da ke shuka wake tsakanin gero ba su san sunan azot ba, amma sun san gonar da aka yi gyaɗa bara.

Tambaya: Mushe, ni duk abin da aka ce da kemikal a ciki ba na so. An ce man goge baki na da fuluwor, kuma shi ne ya lalata yaran Tibiri. In hana ƴaƴana? (Magidanci, unguwar Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, in za ka guje wa sinadari sai ka bar shan ruwa da shaƙar iska. Tambayar da ta dace ita ce wane ne, kuma nawa.

Abin da ya faru a Tibiri gaskiya ne, kuma mu mutanen wannan yanki ba mu manta ba. Ruwan rijiyar burtsatse da garin ya sha daga tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da iyon ɗin fuluwor, F⁻, fiye da ƙima. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 a lita, ruwan kuwa ya zarce haka nesa. Wannan iyon yana shiga cikin ginin haƙori da ƙashi ya zauna. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa bayan haƙori ya hana tsami cinye shi. In ya yi yawa shekara da shekaru a jikin yaro mai girma, haƙora su yi ja, ƙasusuwa su lanƙwashe.

Man goge baki ba sha ake yi ba. Ka sa wa yaro ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ka tsaya a kansa ya tofar. Inda ya kamata ka sa ido shi ne ruwan sha. Fuluwor ba ya da launi ko wari a ruwa, tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tun da ruwan ne ke tashi ya bar shi, ruwan jabel kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ruwansa da iyon. In kun haƙa sabuwar rijiya mai zurfi, ko ka ga haƙoran yaran unguwa suna yin dabbare-dabbare, a kai ruwan a auna.

Tambaya: Baba Mushe, da sanyi mukan shiga da kaskon garwashi ɗaki mu rufe, mu yi shayi. Da safe kai na sara mana. Abokina ya ce ai garwashin da ya ruru ba ya hayaƙi, don haka ba shi ba ne. (Ɗan kabu-kabu, Ɗan Gulbi)

Amsa: Ɗana, shi ne. Ku daina daga daren yau, kuma ka karanta wa abokin naka wannan.

In gawayi ya sami iska isasshiya, kowane kabon na ɗaukar oksijin biyu, CO₂, irin wadda kake fitarwa a numfashi. In ɗaki na rufe iska ta ragu, sai ya riƙa ɗaukar guda ɗaya, CO. Atom guda ne bambancin. Ita CO ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye, don haka rashin hayaƙi ba shaida ba ce. A cikin jininka akwai molekul mai ɗauke da ƙarfe, shi ke dakon oksijin daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa. CO na manne wa wannan ƙarfen da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hau kujerar ta ƙi sauka. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne gargaɗin farko. Na gaba barci ne mai nauyi, wanda mutum ba ya jin lokacin da ya wuce.

Injin wuta ma haka yake, har ya fi, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko shago ko zaure, ko kusa da taga. Babur ɗinka ma kada ka bar shi yana aiki a cikin ɗaki.

Ku dafa shayinku a tsakar gida, ku bar kaskon a can, ku ƙara bargo. In wata rana kuka iske wani a ɗaki da garwashi ya kasa tashi ko yana magana ba kan gado, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari nan take, a nufi asibiti da shi ko da ya farfaɗo ya ce ya warke, a kuma gaya wa likita cewa da gawayi a ɗakin.